Fursunonin yaƙi: hanyar 1991 ko hanyar Gwantanamo, wacce gwamnati za ta ɗauka?

Duk gwamnatin da sojojinta ke bakin daga, akwai ranar da za a kawo mata mutum a ɗaure, an kama shi da bindiga a hannu ko an tsince shi kusa da inda aka yi artabu, kuma dole wani hafsa ya yanke abin da za a yi da shi kafin gari ya waye. A takarda an riga an amsa wannan tambaya tun ranar 12 ga Agusta 1949, lokacin da aka rattaba hannu kan Yarjejeniyoyin Janiba guda huɗu, waɗanda ƙasashe 196 suka amince da su zuwa yau. Amma a aikace gwamnatoci sun rabu gida biyu. Akwai masu riƙe alkawarin ga duk wanda ya faɗo hannunsu, akwai kuma masu cewa alkawarin yana nan, sai dai wannan abokin gaba na musamman ne, bai cancanci a cika masa ba. Hanya mafi sauƙi ta auna su ita ce a dubi ƙasa guda da ta gwada duka biyun cikin shekara goma sha ɗaya, wato Amurka, a yaƙin Kuwaiti na 1991 da kuma yaƙin da ta shiga bayan harin 11 ga Satumba 2001.

Kafin awo, ya kamata a san abin da alkawarin ya ƙunsa, domin mutane da yawa suna zaton yana nufin a saki wanda aka kama. Yarjejeniya ta uku, wadda ta shafi fursunonin yaƙi, mai sashe 143, ta ba gwamnati damar tsare sojan abokan gaba har yaƙi ya ƙare ba tare da ta kai shi kotu ba, kuma ta ba ta damar gurfanar da shi idan ya aikata laifin yaƙi, kamar kisan farar hula. Abin da ta hana shi ne kisa bayan miƙa wuya, da azabtarwa, da wulaƙanci, da baje kolin fursuna a gaban jama'a. Sashe na 17 ya ce abin da ya wajaba fursuna ya faɗa shi ne sunansa da muƙaminsa da ranar haihuwarsa da lambarsa ta soja. Ana iya yi masa wasu tambayoyin, amma ba a tilasta masa amsa. Sashe na 70 ya ce cikin mako guda a ba shi kati ya rubuta wa iyalinsa cewa yana raye. Sashe na 126 ya buɗe wa ƙungiyar Red Cross ta duniya ƙofar kowane sansani, ta gana da fursuna ba tare da mai gadi yana saurare ba. Sai sashe na 5, wanda a ganina shi ne ginshiƙin wannan muhawara: idan aka yi shakkar matsayin wanda aka kama, a riƙe shi a matsayin fursunan yaƙi har wata kotu mai hurumi ta tantance. Ba don daɗin baki aka rubuta waɗannan ba. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Tarayyar Sobiyat kusan miliyan 5.7 ne suka faɗa hannun Jamus, kuma fiye da miliyan 3 daga cikinsu suka mutu a tsare, alhali fursunonin Ingila da Amurka da ke hannun Jamusawan nan, waɗanda yarjejeniyar 1929 ta kare, waɗanda suka mutu a cikinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba.

A 1991 Amurka ta bi littafi kusan sau da ƙafa. Tun kafin a fara yaƙin ƙasa ranar 24 ga Fabrairu, jiragenta sun watsa miliyoyin takardu a kan ramukan sojojin Iraƙi, wasu ɗauke da zanen soja ya ajiye bindiga yana zaune ana cin abinci tare da shi, da bayani da Larabci kan yadda zai miƙa wuya a tsira da ransa. Sojojin da suka yi makonni cikin yunwa da ruwan bama-bamai suka riƙa fitowa ɗaruruwa, da yawansu suna ɗaga takardun nan sama. Cikin 'yan kwanaki rundunar ƙawance ta tara fursunoni fiye da 80,000. An yi musu rajista, an miƙa su ga Saudiyya bisa yarjejeniya, Red Cross ta ziyarce su, kuma bayan tsagaita wuta aka mayar da mafi yawansu gida cikin 'yan watanni, dubban da suka ce suna tsoron komawa hannun Saddam Husaini kuma ba a tilasta musu ba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin tantancewa. An zaunar da kotunan sashe na 5 har sau 1,196 domin mutanen da ba a tabbatar da ko su wane ne ba, sai aka gano 310 ne kawai mayaƙa, sauran 886 farar hula ne da yaƙi ya rutsa da su. Wato cikin kowane mutum huɗu da aka yi shakka a kansu, uku ba su da hannu. A ɓangaren Iraƙi kuwa, an nuna matuƙan jiragen ƙawance da aka kama a talabijin fuskokinsu a kumbure, kuma duniya ta yi tir da hakan da murya ɗaya, saboda mai ƙorafin bai aikata irinsa ba.

Bayan shekara goma aka sauya hanya. Ranar 11 ga Janairu 2002 aka sauke rukunin farko na mutanen da aka kama a Afganistan a sansanin Gwantanamo da ke tsibirin Kiyuba, sanye da tufafi ruwan lemo, an rufe musu ido da kunne, suna durƙushe a cikin kejin waya. Ranar 7 ga Fabrairu Shugaba George W. Bush ya sa hannu kan takardar da ta ce yarjejeniyar ba ta shafi 'yan Alƙa'ida ba, 'yan Taliban kuma ba su cancanci matsayin fursunonin yaƙi ba, ba tare da an zaunar da kotun sashe na 5 ko guda ba. Sakataren harkokin waje na lokacin, Colin Powell, wanda shi ne babban hafsan hafsoshi a yaƙin 1991, ya yi gargaɗi a rubuce cewa matakin zai rushe al'adar da ƙasar ta daɗe a kai kuma zai jefa sojojinta cikin haɗari, amma ba a bi shawararsa ba. A watan Agustan shekarar lauyoyin ma'aikatar shari'a suka taƙaita ma'anar azabtarwa har ta koma zafin da ya kai na lalacewar wata gaɓa ko mutuwa.

Hujjar masu wannan hanya ba ta banza ba ce, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce an rubuta dokar 1949 ne domin rundunoni masu kaki da tuta da kwamandan da za a iya zama da shi a teburi, alhali Alƙa'ida ba ta da ko ɗaya, kuma ta kashe mutum kusan 3,000 a safiya guda. Sun ce sojan Iraƙi na 1991 bai san wani sirri da zai ceci rai ba, amma ɗan ƙungiyar asiri yana iya sanin inda za a kai hari gobe. Sun kuma ce sashe na 118, wanda ya wajabta sakin fursuna da zarar an daina faɗa, ba shi da ma'ana a yaƙin da ba a san ranar ƙarewarsa ba. Haka ne yaƙin 1991 ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, domin faɗan ƙasa bai wuce awa 100 ba. Kuma gaskiya ne wasu daga cikin waɗanda aka saka daga Gwantanamo sun koma ɗaukar makami. Saboda haka adalcin awo shi ne a tambaya ko hanyar ta biyu ta samar da abubuwan da ta yi alkawari: bayanan sirri, da hukunta masu laifi, da tsaro.

Abu na farko da aka rasa shi ne rarrabe aya da tsakuwa. An riƙa watsa takardun alkawarin tukwici mai tsoka ga duk wanda ya kawo ɗan Alƙa'ida ko Taliban, kuma a ƙasar da talauci da gabar dangi suka yi katutu, wannan ya zama kasuwa. Wani nazari da masana shari'a na Jami'ar Seton Hall suka yi a 2006 kan takardun gwamnatin kanta ya nuna kashi 5 cikin 100 ne kawai na mutanen Gwantanamo sojojin Amurka suka kama da hannunsu, mafi rinjaye Pakistan da mayaƙan arewacin Afganistan ne suka miƙa su. Cikin kusan mutum 780 da suka ratsa sansanin, an saki mafi yawa ba tare da an tuhume su da komai ba, wasu bayan shekara goma ko fiye. A sansanin Amurka na Bagram da ke Afganistan, cikin Disamban 2002, wani direban tasi mai suna Dilawar ya mutu bayan kwanaki yana rataye da sarƙa a wuyan hannu daga rufin ɗaki, ana dukansa a ƙafafu har naman ya dagargaje, kuma daga baya ta bayyana cewa da yawa cikin masu yi masa tambayoyi sun riga sun yarda cewa wucewa kawai ya zo yi da fasinjojinsa. A Iraƙi, rahoton Red Cross na Fabrairun 2004 ya ambato jami'an leƙen asirin ƙawance suna ƙiyasta cewa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na waɗanda ake tsare da su bisa kuskure aka kama su. Kotun sashe na 5 da ake ganin ɓata lokaci ce, ita ce da ta tace waɗannan tun a makon farko.

Batun bayanan sirri ya fi sarƙaƙiya, domin har yau hukumar leƙen asirin Amurka, CIA, tana cewa ta samu abin amfani. Amma kwamitin Majalisar Dattawan Amurka da ya shafe shekaru yana bin miliyoyin shafukan hukumar ya fitar da taƙaitaccen rahotonsa a Disamban 2014, inda ya ce cikin mutum 119 da ta tsare a ɓoyayyun wurare, aƙalla 39 an gana musu azaba, aƙalla 26 ba su ma cancanci tsarewa ba, kuma azabar ba ta zama hanya mai inganci ta samun gaskiya ba. Misali mafi tsada shi ne na Ibn Shaikh al-Libi, wanda aka kai Masar aka matsa masa har ya ce Iraƙi tana horar da 'yan Alƙa'ida kan makamai masu guba. Maganar ta shiga jawabin da Powell ya yi a Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ranar 5 ga Fabrairu 2003 domin neman goyon bayan mamaye Iraƙi, daga baya mutumin ya janye ta, ya ce ya faɗa ne don a ƙyale shi. A gefe guda kuma akwai labarin Abu Jandal, tsohon mai gadin Usama bin Ladan, wanda jami'in FBI Ali Soufan ya yi wa tambayoyi a gidan yarin Yaman jim kaɗan bayan harin. An ajiye masa shayi da biskit bai taɓa biskit ɗin ba, sai jami'an suka gano yana da ciwon sukari, a zama na gaba suka zo masa da wanda ba sukari. Daga nan ya fara sakin jiki, kuma da dabarar tambaya aka kai shi ga tantance wasu daga cikin maharan a hotuna. Wanda ake azabtarwa yakan yi magana, wannan ba a musu, sai dai mai tambaya ba shi da ma'aunin da zai gane gaskiyar daga abin da aka faɗa don a huta.

A wajen hukunci tazarar ta fi fitowa fili. Kotunan soja na musamman da aka kafa a Gwantanamo, cikin fiye da shekara 20, hukuncin da suka yanke bai kai 20 ba, kuma kotunan ɗaukaka ƙara sun soke wasu. Khalid Shaikh Muhammad, wanda ake zargi da tsara harin 11 ga Satumba, an kama shi tun 2003, an yi masa azabar shaƙewa da ruwa sau 183, kuma wannan azabar ce ta zama ƙarfen ƙafa ga shari'arsa, domin shekara da shekaru lauyoyi suna jayayya kan wace hujja ce ta gurɓata, iyalan mamata kuma suna jira. A tsawon wannan lokaci kotunan tarayya na yau da kullum sun ɗaure ɗaruruwan masu laifin ta'addanci. Umar Faruk Abdulmutallab, wanda ya yi yunƙurin tarwatsa jirgi a Disamban 2009, an yanke masa ɗaurin rai da rai a Fabrairun 2012 a kotun birnin Detroit, cikin shekara biyu da 'yan watanni. Ga kuma kuɗi: a 2019 an ƙiyasta ana kashe kusan dala miliyan 13 a shekara kan kowane fursuna guda a Gwantanamo.

Tsaro kuwa, hotunan cin zarafin fursunoni da sojojin Amurka suka yi a gidan yarin Abu Guraib na Iraƙi, waɗanda suka fito a Afrilun 2004 sun zama jarin masu neman mabiya, kuma bayan shekara goma ƙungiyar IS ta riƙa sanya wa waɗanda take yankawa tufafi ruwan lemo da gangan. Ƙarshenta Amurka da kanta ta ja da baya: majalisa ta haramta muguwar mu'amala da fursunoni a 2005 bisa jagorancin Sanata John McCain, wanda shi kansa ya sha azaba a tsare a Biyetnam fiye da shekara biyar, sannan a Yunin 2006 Kotun Ƙoli, a shari'ar wani fursunan Gwantanamo mai suna Hamdan, ta ce sashe na 3 na bai ɗaya, wanda ke cikin duka yarjejeniyoyin huɗu kuma ya shafi yaƙin da ba tsakanin ƙasa da ƙasa ba, ya shafi har 'yan Alƙa'ida.

Wannan sashe na 3 shi ne ya kawo maganar ƙofar gidanmu. Yaƙin da Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru ke yi da Boko Haram da ISWAP ba tsakanin ƙasa da ƙasa ba ne, don haka wanda aka kama ba shi da matsayin fursunan yaƙi, kuma gwamnati tana da hurumin gurfanar da shi saboda ɗaukar makami kawai. Amma sashe na 3, da ƙarin yarjejeniya ta biyu ta 1977 wadda Nijeriya ta amince da ita a 1988, sun hana kashe shi bayan ya ajiye makami, da azabtar da shi, da hukunta shi ba tare da kotu ta gaskiya ba. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Alƙur'ani a Suratul Insan ya yabi masu ciyar da miskini da maraya da kamamme, kuma sananne ne cewa cikin fursunonin Badar akwai waɗanda fansarsu ita ce koya wa yaran Madina goma rubutu. A 1967 ma gwamnatin Yakubu Gowon ta raba wa sojoji ƙa'idar aiki da ta ce wanda ya miƙa wuya ba za a kashe shi ba, za a riƙe shi a matsayin fursunan yaƙi. An karya ƙa'idar a wurare, mafi muni a Asaba cikin Oktoban shekarar, amma a 1968 kotun soja ta yanke wa wani hafsa hukuncin kisa saboda harbe ɗan Biyafara da ba ya ɗauke da makami, kuma an zartar.

Mu ma mun ɗanɗana ɗaya hanyar. Ranar 30 ga Yuli 2009 sojoji suka kama shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, da ransa a Maiduguri suka miƙa shi ga 'yan sanda, cikin sa'o'i aka ga gawarsa, kuma ƙungiyar da ta dawo a 2010 ƙarƙashin Abubakar Shekau ta mayar da wannan kisa taken ɗaukar fansa. A 2015 ƙungiyar Amnesty International ta yi zargin cewa fiye da mutum 7,000 sun mutu a tsare a hannun sojoji tun 2011, da yawa a barikin Giwa, saboda yunwa da ƙishirwa da cunkoso. Rundunar soja ta musanta. A Disamban 2020 mai gabatar da ƙara ta Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya, Fatou Bensouda, ta ce akwai dalilin yarda cewa Boko Haram da kuma wasu jami'an tsaro sun aikata laifukan yaƙi. Da aka fara shari'ar waɗanda ake zargi da zama 'yan Boko Haram a Kainji a Oktoban 2017, zaman farko ya ɗaure mutum 45 ya sallami 468, adadin da ya yi kama da na kotunan 1991, sai dai waɗannan sun riga sun shafe shekaru a kulle kafin a tambaye su. Duk wanda ya san yadda ake yi wa matasan unguwa kuɗin goro bayan tashin bam ya san daga ina irin wannan adadi yake fitowa, kuma ya san cewa unguwar da aka kwashe mata 'ya'ya ba ta sake kai wa soja rahoto.

Idan aka ɗora duka a sikeli, ni dai na tsaya ga hanyar farko, kuma ba don ba ta da tsada ba. Tana buƙatar abinci da likita da alƙalai da ɗakuna a lokacin da sojan da ke bakin daga shi kansa yake kukan kayan aiki, tana kuma nufin wata rana za a saki wanda daga baya zai cutar, kuma wanda aka kashe wa iyaye yana da haƙƙin jin ɗaci idan ya ga ana koya wa tubabbu sana'a a sansanin Malam Sidi na Jihar Gombe ko a Gudumariya ta Jihar Difa. Amma mayaƙin da ke cikin Sambisa yana lissafi kamar yadda sojan Iraƙi ya yi a raminsa, kuma idan ya tabbatar mutuwa ce ke jiransa a bariki zai yi faɗa har harsashinsa na ƙarshe, a kan sojanmu. Dubban da suka fito tare da iyalansu bayan mutuwar Shekau a 2021 sun fito ne da zaton za a bar su da rai.

Abin da ɗan ƙasa zai nema daga wakilansa a fili yake. A rubuta sunan duk wanda aka kama a ranar da aka kama shi, a sanar da iyalinsa, a tantance shi cikin kwanaki a gaban wanda ba shi ya kama shi ba, a raba yara da manya, a bar Red Cross ta shiga kowane wurin tsarewa, wanda ake da hujja a kansa a kai shi kotu a bainar jama'a, jami'in da ya kashe kamamme shi ma a kai shi. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25, saura a ga an yi aiki da ita. Sashe na 12 na tsarin mulkin Nijeriya kuma ya ce yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ba ta zama doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta zartar da ita, kuma dokar Janiba da ƙasar ke da ita ta 1960 ce, ta girmi ƙarin yarjejeniyoyin 1977 da shekara 17, ba ta ƙunshi wadda ta shafi irin yaƙin da ake yi a arewa maso gabas ba.